Daga Helgeland Zuwa Lofoten: Hutun Iyali a Kan Hanyar Masuntan Dauri

A makonni ukun ƙarshe na watan Yuli, sa'ilin da damina ta kankama a ƙasar Hausa, ofisoshi da masana'antu da dama a ƙasar Norwe kan zama wayam. Lokacin babban hutun shekara ke nan. Dokar ƙasar ta ba ma'aikaci damar ɗaukar makonni uku a jere tsakanin 1 ga Yuni da 30 ga Satumba, makarantu kuma a rufe suke tun daga ƙarshen Yuni har tsakiyar Agusta. Wasu kan tashi zuwa Sifen ko Girka neman zafin rana, wasu su haye duwatsu zuwa bukkokinsu na katako. Akwai kuma waɗanda ke kwasar barguna da tukwane da rigunan ulu da 'ya'yansu, su zuba a jirgin ruwa mai tsawon mita 10 ko 12, su ɗaga filafilai, wato manyan ƙyallayen da ke kama iska, su miƙa arewa.

Ruwa ba baƙon abu ba ne a wurin mutanen nan. Al'ummar ƙasar ba ta kai miliyan 6 ba, amma ana ƙiyasta ƙananan jiragen shaƙatawa kimanin miliyan 1 a cikinta. Idan aka bi gaɓarta lungu-lungu, aka haɗa da ta tsibiranta sama da 200,000, tsawon ya haura kilomita 100,000, wanda ya isa ya zagaye duniya sau biyu har da ragowa. Mafi yawan jiragen masu inji ne, kuma a kudu suke kai-komo. Masu bin iska har gaɓar Helgeland da tsibiran Lofoten, can inda layin Aktik ya ratsa, ba su da yawa.

Babban jirgin fasinja na Hurtigruten, wanda ke zirga-zirga a wannan gaɓa tun 1893, yakan bar garin Brønnøysund cikin dare, kafin a yi awa 24 ya isa Svolvær ta Lofoten. Iyali mai yara kan shafe makonni biyu a kan wannan tazarar, wani lokaci ma ba su kai ƙarshenta ba hutu ya ƙare. Kuma ba sa ganin an yi asara.

Kowa da aikinsa

A ɗauki iyali irin waɗanda ake yawan gani a tashoshin yankin: uba da uwa da yara uku, babbar ba ta wuce shekara 13 ba, auta kuma bai shiga firamare ba. A cikin jirgin akwai matsattsun gadaje a goshi da baya, tebur mai naɗewa, banɗaki da ake zuƙe ruwansa da famfon hannu, da murhun gas da aka rataye a kan ƙarfe mai lilo domin tukunya ta zauna daidai ko da jirgi ya karkata. Ruwan sha a tanki yake, kowa kuma ya san yana ƙarewa. Wanda ya bar famfo a buɗe yana goge baki, shi zai ɗauki jarka idan an isa tasha.

Idan iska ta cika filafilai jirgin kan kwanta gefe ɗaya, abin da ke tayar da hankalin baƙo a ranar farko. Abin da ke hana shi kifewa yana ƙarƙashin ruwa: wani faffaɗan ƙarfe ko dalma mai nauyin tan biyu ko uku a manne da gindinsa, wanda duk yadda iska ta ture jirgin sai ya dawo da shi. Sauri kuwa babu. Kilomita 9 zuwa 11 a awa ake yi idan iska ta yi daɗi, tafiyar mai keken da ba ya gaggawa. In ta ɗauke ɗif, sai a tayar da ƙaramin injin dizal.

Abin da ya fi burge ni a wannan al'ada shi ne ba a ɗaukar yaro a matsayin kayan da aka loda. Kowa da aikinsa, aikin kuma na gaske ne. Auta ne ke rataya robobin da ke kare jikin jirgi daga gugar gadar tasha. Na tsakiya ya iya ƙullin igiyar da ba ta kwancewa da kanta amma tana kwantuwa da hannu ɗaya, shi ke fara dira ya ɗaure jirgi. Babbar kuwa tana karanta taswira, ana ba ta sitiyari a wurare masu faɗi, idan kuma an shiga matsatsi ita ke tsayawa a goshin jirgi tana leƙen ruwa. Idan ta ɗaga murya ta ce, "Baba, dutse ta dama!" ba ya tsayawa tambayar ko ta tabbata. Juya jirgi yake yi nan take, a yi bayani daga baya.

Dole ce ta sa haka. Gaɓar Helgeland cike take da dubban ƙananan tsibirai da falalen duwatsu, wasu a sarari, wasu ruwa ya rufe su da ɗan kamu ɗaya. Su ke tare manyan igiyoyin Tekun Atlantika, har hanyar cikin gida ta zama lafiyayya ga mai ƙananan yara. Su ne kuma ke farke gindin jirgin wanda ya yi sakaci. An kafa sandunan ƙarfe a kan da yawansu, wasu da ɗan hannu a sama mai nuna gefen da ruwa ke da zurfi. Ga kuma wayoyin lantarki da gadoji da suka ratsa tsakanin tsibirai, waɗanda dole matuƙi ya san tsayin jigon jirginsa kafin ya shige ƙarƙashinsu. Ga gonakin kifin salmon, manyan zobba a kan ruwa, waɗanda doka ta hana a kusance su ƙasa da mita 20, ta kuma hana jefa fatsa ƙasa da mita 100 daga gare su. Na'urar taswira mai aiki da tauraron ɗan'adam ta sauƙaƙa lamarin ƙwarai, amma iyayen da suka san abin da suke yi ba sa rabuwa da taswirar takarda da kamfas.

Dutse mai huda da matan da ke gina wa agwagi ɗaki

Zangon farko ba shi da nisa da Brønnøysund. Dutsen Torghatten ne, mai tsayin mita 258, da wata ƙatuwar huda da ta ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, tsawonta kimanin mita 160, tsayinta kuma wajen mita 35. Masana ƙasa sun ce ƙanƙara da igiyar ruwa ne suka cinye sashe mai taushi na dutsen, a zamanin da teku ke kaiwa can sama. Tatsuniyar yankin kuwa cewa ta yi wani dodo mahayin doki ne ya bi wata budurwa da gudu, da ya ga ta tsere masa sai ya sakar mata kibiya, wani sarkin duwatsu ya jefa hularsa ya tare, kibiyar ta huda hular. Ana cikin haka rana ta fito, dukansu suka zama duwatsu. Yara kan hau har cikin hudar da ƙafafunsu, kuma a kwanakin da ke biye za su ci gaba da gamuwa da sauran mutanen labarin: 'yan mata bakwai da suka zama jerin tsaunuka a tsibirin Alsten kusa da Sandnessjøen, mafi tsayinsu mita 1,072, da shi mahayin dokin kansa, dutsen Hestmannen, can gaba a kan layin Aktik. Masuntan dauri da siffofin waɗannan duwatsu suke gane inda suke. Yaron da aka ba labarin ya haddace taswira bai sani ba.

A arewa maso yamma da Torghatten akwai tarin tsibiran Vega, kimanin 6,500, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. Ba kyawun wurin kaɗai ya jawo masa wannan matsayi ba. Wata tsohuwar yarjejeniya ce tsakanin mutane da wata agwagwar teku ta daji mai suna eider, kuma mata ne suka riƙe ta ɗaruruwan shekaru, lokacin da mazansu ke can wajen su. Da hunturu ya wuce, masu wannan aiki kan koma ƙananan tsibirai irin su Lånan, su gyara 'yan ɗakuna na dutse da katako, su shimfiɗa busasshiyar ciyawar teku a ciki. Agwagin na zuwa da kansu su yi ƙwai. Uwar kan fige lallausan gashin ƙirjinta ta lulluɓe ƙwayayen. Makonni ana tafiya a hankali, ana magana ƙasa-ƙasa, ana gadin su daga hankaki da mikiya da sauran maɓarnata. Sai 'yan tsaki sun ƙyanƙyashe sun bi uwarsu ruwa, sannan a kwashe gashin da aka bari, a busar, a tsince ciyawa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Bargo guda na cin gashin sheƙa 60 zuwa 70. Ba a yanka agwagwa, ba a ɗaure ta, kuma baɗi za ta dawo.

Iyalin da ya zo da jirgi a farkon bazara dole ya kiyaye nesa da wuraren da tsuntsaye ke kwanci. Dokar walwala a daji ta 1957 ta ba kowa 'yancin sauka a ƙasar da ba a noma ba, ya yi yawo, ya tsinki 'ya'yan itatuwa, ya kafa tanti har kwana biyu muddin ya ba gidan mutane tazarar mita 150. Wannan doka ce ta sa iyali ke iya jefa anka a lungun da babu kowa, su sauka da ƙaramin kwalekwalen roba ba tare da neman izinin wani ba. Amma ita ce kuma ta ɗora musu nauyin barin wurin yadda suka same shi.

Ranar da ba ta faɗuwa

A wani ɗan tsibiri mai suna Vikingen an kafa siffar ƙwallon duniya ta ƙarfe, alamar an iso layin Aktik, wajen digiri 66 da rabi arewa. Daga nan dare ya ƙare. Saboda duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi yayin da take zagaya rana, wannan yanki kan fuskanci rana ba yankewa a tsakiyar bazara. A Bodø ba ta faɗuwa daga farkon Yuni zuwa farkon Yuli, a Lofoten kuma daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli. Takan gangaro ta arewa da tsakar dare, ta yi ja, ta bi saman ruwa, sannan ta sake hawa. Ko bayan ta fara nutsewa a cikin Yuli, duhu na gaske ba ya samuwa sai an shiga Agusta.

Ga matuƙi wannan rahama ce, domin babu fargabar dare ya riske shi a tsakiyar duwatsu. Ga uwa mai son yara su kwanta kuwa aiki ne. Ana toshe tagogi da tawul, ana kafa dokar agogo, duk da haka ba abin mamaki ba ne a ga yara suna jefa fatsa da ƙarfe 11 na dare cikin haske tar. Iyalai da yawa kan sallama, su mayar da tafiyarsu lokacin da iska ta fi dacewa ko da ƙarfe 2 na dare ne, a yi barci da hantsi.

Musulmin da zai yi irin wannan tafiya zai tambayi yadda za a yi da Magariba da Isha da Asuba. Tambayar ba sabuwa ba ce a can. Musulmin da ke zaune a garuruwan arewa irin su Tromsø sun daɗe da kai ta gaban malamai, kuma da yawansu jadawalin Makka suke bi a watannin da rana ba ta faɗuwa, wasu kuma na gari mafi kusa da ke da dare da yini.

Jira

Wanda ya kalli hotunan wannan gaɓa, da farin yashi da ruwa garai-garai, zai zaci wurin ɗumi ne. Gaskiya ne ruwan ɗumi da ke gangarowa daga Tekun Atlantika ya hana tashoshin Norwe daskarewa ko da hunturu, abin da ba a samu a wurare masu irin wannan nisa a Kanada. Amma a watan Yuli zafin iska ba ya cika wuce digiri 12 zuwa 15, na ruwa kuma yana ƙasa da haka. A cikin mashigin Holandsfjord jirgi kan tsaya daf da wani reshe na Svartisen, shimfiɗar ƙanƙara ta biyu mafi girma a babban yankin Norwe, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 370. Safar hannu da hular ulu ba sa barin aljihu.

Mutumin da ya faɗa irin wannan ruwa, numfashinsa ne ke fara ƙwacewa a minti na farko. Cikin mintuna kaɗan yatsunsa su daina kama igiya, komai iya iyonsa. Shi ya sa tun 1 ga Mayun 2015 doka ta wajabta sanya rigar kariya a duk jirgin shaƙatawa da bai kai mita 8 ba muddin yana tafiya, ta kuma ɗora alhakin yaran da ba su kai shekara 15 ba a wuyan manya. Jiragen da suka fi haka girma an wajabta musu ajiye riga ga kowane mutum. Iyalan da ke da hankali ba sa fakewa da tsawon jirginsu: yaro ba ya leƙo waje sai da rigarsa, idan teku ya ɗan motsa kuma a ɗaure shi da igiya a jikin jirgi. Duk wanda aka haifa daga 1980 zuwa yau sai ya ci jarrabawa ya karɓi lasisi kafin ya tuƙa jirgin da ya wuce mita 8.

Safe da yamma ana duba hasashen yanayi a manhajar Yr, wadda hukumar yanayi ta ƙasar da gidan rediyo da talabijin na NRK ke gudanarwa, ana kuma sauraren rediyon gaɓa. Sau da yawa idan gari ya yi kyau iskar daga arewa take busowa, wato ta gaban mai tafiya arewa. Idan ta juyo daga kudu maso yamma ta tura shi, da ruwan sama take tafe. Wani lokaci hazo ya taso daga teku ya rufe komai cikin rabin awa. Kusa da dogayen duwatsu kuma iska kan faɗo daga sama ba sallama ta bugi filafilai.

A nan ne tafiyar ke nuna ainihinta. Akan wayi gari an shirya tsaf za a tsallaka zuwa Træna ko Lovund, tsibiran da ke can waje, sai hasashe ya nuna iska za ta yi ƙarfi da rana. Uba ya rufe taswira ya ce yau babu inda za a je. Kwana ɗaya, biyu, wani lokaci uku, jirgi na ɗaure a ƙauyen da ke da kanti guda, ruwan sama na dukan rufi, yara na karta da karatu da rigima. A ganina waɗannan ranaku sun fi ranakun rana amfani ga yaro. Yana ganin mahaifinsa, wanda a gida shi ke yanke hukunci, ya sunkuyar da kai ga abin da ya fi ƙarfinsa, bai ji kunya ba, bai kuma yi fushi ba. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Da yawa daga cikin labaran baƙin ciki na teku daga mutumin da ya ƙi jira suke farawa, saboda hutu zai ƙare ko an yi alkawari da wani a gaba.

Idan kuma abu ya ɓaci duk da taka-tsantsan, akwai wanda zai amsa. Tasha ta 16 a rediyon jirgi a buɗe take dare da rana. Cibiyar ceto ta arewacin ƙasar tana Bodø, tana kula da duk abin da ke sama da digiri 65. Ga kuma ƙungiyar ceto ta Redningsselskapet, wadda aka kafa a 1891 saboda yawan masuntan da teku ke cinyewa. Jirginta na farko, wanda maƙerin jiragen nan Colin Archer ya ƙera a 1893, ya ceci mutum 36 a guguwa ɗaya a Hamningberg shekara guda bayan haka. Yau 'yan sa-kai ne ke tuƙa da yawa daga cikin jiragenta, kuma yaran Norwe sun san ta tun suna ƙanana ta hanyar wani zane mai motsi na ƙaramin jirgin ceto mai suna Elias.

Kusa da Bodø akwai Saltstraumen, mashigi mai tsawon kilomita 3 da faɗin mita 150 kacal. Duk awa shida, idan teku ya cika ko ya janye, ruwa har kubik mita miliyan 400 kan matse ta cikinsa da gudun da ke kaiwa kilomita 37 a awa, yana murɗawa yana buɗe ramuka masu faɗin mita 10. Masu yara sukan bar jirginsu a tasha su je ta mota, su kalla daga kan gada.

Hanyar da kakanni suka bi cikin duhu

Tsakanin babban yankin ƙasar da Lofoten akwai buɗaɗɗen ruwa mai suna Vestfjord. Daga Bodø kai tsaye zuwa Moskenes kimanin kilomita 90 ne, awa tara ko goma a jirgin iska, ba tsibirin da za a fake. Nan ne amai da jiri ke kama har manya. Masu ƙananan yara da yawa sukan bi gaɓa su ƙara yin arewa, ta Kjerringøy da Steigen da Hamarøy, su tsallaka inda ruwan ya tsuke zuwa Skrova ko Svolvær. Hanyar ta fi tsawo, kuma ita ce daidai. Ta ko'ina aka bi, abin da ake gani ɗaya ne: jerin baƙaƙen duwatsu masu tsini da ke tasowa daga cikin teku kamar bango, da ragowar ƙanƙara a kafaɗunsu.

Wannan hanya da iyali ke bi a Yuli cikin haske da na'urori, ita ce kakanninsu suka bi a Janairu cikin duhu. Kowace shekara kifin kod kan baro Tekun Barents ya gangaro Lofoten domin zuba ƙwai, daga Janairu zuwa Afrilu. A ƙarshen ƙarni na 19 masunta sama da 30,000 ke taruwa a nan, da yawansu daga Helgeland da Trøndelag, a buɗaɗɗun jiragen katako masu filafili ɗaya da matuƙai na hannu. Matansu ne ke saƙa musu safar hannu ta ulu, su cika musu akwati da busasshiyar gurasa, sannan su zauna da gona da dabbobi da yara har wata uku. Tarihin baka na gaɓar ya adana labarin jiragen da igiyar ruwa ke kawowa bakin gaɓa a kife, da wuƙaƙe a kafe a gindinsu: mutanen da suka hau bayan jirgin da ya kife sun caka wuƙaƙensu don su samu abin riƙewa, har sanyi ya kwance hannuwansu. Kowace sandar ƙarfe da ke kan dutse, kowace hasumiyar fitila, kowane jirgin ceto, bayan irin waɗannan asarori aka samar da su. Jajayen ɗakunan katako da baƙi ke haya yau a Reine da Nusfjord da Henningsvær, masaukin waɗannan masunta ne, kuma an ce Sarki Øystein ne ya fara ba da umarnin gina irinsu wajen shekarar 1120.

Kifin da ke ƙarewa a tukunyar Najeriya

Kafin a ga ƙauyukan Lofoten da kyau, hanci ne ke fara ba da labari. A kan duwatsu da bakin hanya akwai manyan rumfunan katako. A kansu ake rataye kifin kod bibbiyu, an ɗaure su ta wutsiya, ba gishiri ba hayaƙi, tun daga Fabrairu da Maris. Yanayin wurin ne ya dace: sanyin bai kai ya daskarar da naman ya farfasa shi ba, ɗumin kuma bai kai ƙuda su yi ɓarna ba, ga iskar teku ba ta tsayawa. Zuwa Yuni kifin ya zubar da kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinsa, ya bushe ƙamas, zai kuma yi shekaru bai lalace ba. Iyalin da ya iso a Yuli zai tarar an sauke yawancinsa zuwa rumbuna, inda ƙwararru ke dubawa da shinshinawa suna rarraba shi daraja-daraja. Abin da ya rage a wasu rumfunan shi ne kawuna, dubbai, a shirye a igiya.

Mafi kyawun kifin Italiya yake tafiya. Alaƙar ta daɗe: a 1432 wani ɗan kasuwar Benis mai suna Pietro Querini, wanda jirginsa ya tarwatse, ya tsira a tsibirin Røst, ya koma gida da wannan kifi. Kawunan kuwa, da wani kaso na kifin, Najeriya suke nufa. Shi ne busasshen kifin da Ibo ke kira okporoko, Yarbawa ke kira panla, wanda ake gani a kasuwanni daga Aba da Legas har Sabon Garin Kano. Cinikin ya riga yaƙin basasa, amma a shekarun yaƙin, 1967 zuwa 1970, ƙungiyoyin agaji sun yi ta aika shi yankin Biyafara domin ceton yaran da rashin abinci mai gina jiki ya kumbura. Har yau Najeriya na cikin manyan kasuwannin wannan kaya, kuma abin da ya taɓa darajar Naira yakan isa har waɗannan ƙauyuka na Aktik.

Kafin kan kifi ya hau igiya, ya riga ya bi ta hannun yaro. A al'adar yankin, yanke harshen kod sana'ar yara ce. Da hunturu, bayan an tashi daga makaranta, 'yan shekara bakwai da goma kan tsaya a masana'antar kifi da wuƙa mai kaifi, su soke kan a jikin ƙusa su yanke harshen, su tara su sayar, kuɗin kuma nasu ne. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin ganin an miƙa wa 'yar shekara 13 sitiyarin jirgi ba. Yaran da suka zo hutu ma ba sa komawa hannu rabbana: kamun kifi da fatsa a teku kyauta ne, ba ya buƙatar lasisi, kuma abincin dare sau da yawa abin da suka kamo ne, a dafa da dankali da man shanu.

Daga Svolvær wasu kan ƙarasa Trollfjord, lungun da bakinsa bai wuce mita 100 ba, duwatsu sun tsaya a miƙe hagu da dama, mikiyoyin teku na shawagi a sama. A nan ne a 1890 masunta masu ƙananan jirage suka yi arangama da masu jiragen tururi da suka toshe bakin lungun don su kwashe kifi su kaɗai.

Ba kowa ke da halin wannan hutu ba, ko a Norwe. Jirgi na da tsada, ajiye shi da hunturu na da tsada, abinci a kantunan tsibirai ya fi na birni tsada. Wasu iyalai kan haɗa kuɗi su sayi tsohon jirgi tare, wasu su yi hayar mako ɗaya. Kuma gaɓar da suke nuna wa 'ya'yansu ba ita ce wadda su suka gani suna yara ba. Reshen Svartisen da ke gangarowa Holandsfjord ya ja da baya a 'yan shekarun nan. A Røst, tsuntsun teku mai jan baki da ake kira lunde ya kai kusan aure miliyan 1.4 a 1979. Yau bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na haka ba, bayan shekaru a jere da 'yan tsakinsa suka mutu da yunwa a ramukansu saboda ƙananan kifayen da iyayen ke kawo musu sun yi ƙaranci.

Ƙarƙashin tekun da ke kewaye da Lofoten da Vesterålen da Senja an ƙiyasta akwai mai da iskar gas kimanin ganga biliyan 1.3. Norwe ƙasa ce da man fetur ya azurta, kuma kamfanoni sun daɗe suna neman a buɗe musu wannan yanki. Masunta da matasa da masu kare muhalli sun tsaya kai da fata, gwamnatoci daban-daban suka yi ta ɗage maganar, har a 2019 jam'iyyar Leba, wadda ta daɗe tana goyon bayan masana'antar mai, ta janye daga neman a fara binciken share fage a wajen Lofoten. Wurin da kifin kod ke zuba ƙwai ya ciyar da mutane shekara dubu, daga Bergen zuwa Benis zuwa Aba, kuma zai ci gaba muddin ba a ɓata shi ba. Rijiyar mai kuwa 'yan shekaru take yi ta ƙafe. Barin wannan man a inda yake shi ne hukuncin da ya dace, kuma ya kamata majalisar Norwe ta mayar da shi dokar dindindin maimakon alkawarin da ake sabuntawa bayan kowane zaɓe.